Me ya sa kura take magana a gatana, kuma ya dace a ci gaba da sa ta magana?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar makarantar firamare ce a Tawa, ina riƙe da ƴan aji biyu. Ina so in rubuta gajerun labarai da Hausa don koya wa yara tsabta da riƙon amana, sai na fara da kura da dila da wani tulu mai magana, kamar yadda kakata take yi mana gatana. Wani abokin aikina ya ce wannan cusa wa yara ƙarya ne, kuma zai gurɓata musu ilimin halittu. Me ya sa tun asali ake ba dabbobi da kayan gida halin mutane a labari? In ci gaba, ko in mayar da su mutane?"

Wa alaikumus salam, Malama. Tambayarki ta haɗa abu biyu: dalilin da ya sa mai labari yake ara wa dabba ko tukunya bakin mutum, da kuma ko wannan aron yana da illa ga yaron da yake saurare. Na daɗe ina ɗaukar gatana daga bakin tsofaffi a Adar da Arewa da Gobir, ina mayar da wasu wasan kwaikwayon rediyo na yara a nan Yamai, kuma da wannan aikin zan amsa miki. Ba na ganin ya kamata ki kori kura daga labaranki, amma ya kamata ki san aikin da take iya yi miki da wanda ba ta iyawa, domin abokin aikinki yana da gaskiya ta wani gefe, ko da yake ba ta gefen da ya nuna ba.

Salon ya girmi gatana

Masana adabin Hausa suna kiran wannan salo mutuntarwa, wato a ɗauki hali ko aiki ko sashen jiki na mutum a ɗora wa abin da ba mutum ba. Kishiyarsa ita ce dabbantarwa, wadda kowa a Tawa ya sani daga filin kokowa, inda makaɗi yake kiran ɗan kokowa zaki ko giwa ko bajimi. Kafin a kai ga adabi, harshen da muke magana da shi kullum cike yake da mutuntarwa, har mun daina lura da ita. Ƙofa tana da baki, tulu yana da wuya, itace yana da gindi, ɗaki yana da ciki da baya, wuta tana da harshe, mota tana da ƙafa. Muna cewa rana ta fito, wata ya tsaya. Mun aurar da Zara ga wata, mun kira wani gungun taurari kaza da ƴaƴanta. Idan mai dukiya ya ba da kyauta yaronsa ya danne, sai mu ce rijiya ta bayar guga ya hana, kuma babu wanda ya taɓa tsayar da mai maganar ya ce masa guga ba shi da zuciyar da zai yi rowa da ita. Yaron da yake zaune a ajinki ya riga ya amsa kacici-kacicin "baba na ɗaka, gemu na waje" tun kafin a rubuta sunansa a lakwal. Da salon ya zo daga gida, ba ke za ki koya masa ba.

Abin kuma bai tsaya ga Hausawa ba, domin haka tunanin ɗan Adam yake aiki. A shekarar 1944 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Fritz Heider da Marianne Simmel, sun nuna wa ɗalibai wani ɗan gajeren fim wanda babu komai a cikinsa sai alwatika biyu, babba da ƙarama, da da'ira ɗaya, suna motsi a kewayen wani akwati. Da aka ce su faɗi abin da suka gani, kusan dukansu sun ba da labarin faɗa da tsoro da gudu da ɓuya, kamar mutane suka kalla. Duk abin da ya motsa, hankalinmu yana gaggawar nema masa nufi, saboda a cikin mutane muka tashi kuma karanta nufin mutane shi ne abin da muka fi ƙwarewa a kai. A ƙasarmu ma akwai tsohuwar shaida: a Bura, cikin yankin Tera, an gano a 1975 wata tsohuwar makabarta mai ɗauke da tukwanen ƙasa, wasunsu an ɗora musu kawunan mutane. Maginan da suka yi su ƙarnuka da dama da suka wuce sun dubi tukunya sun ga tana bukatar fuska.

Abin da dabba take ɗaukar wa mai labari

Babban aikin dabba a gatana, a ganina, shi ne ta tsaya a wurin wanda ba a iya ambata. Al'ummarmu ta kunya ce. Tsohuwa ba za ta tara jikokinta ta ce musu kawunsu yana da haɗama, ko mai gari yana danne haƙƙin maraya, ko wani malami yana cin dukiyar mutane da wayo ba. Amma tana iya cewa kura ta bi nama har ta faɗa rijiya, zaki ya raba ganima ya kwashe kashi uku, dila malamin daji ya yi shari'a ya tafi da abin da ake shari'a a kansa. Yara su yi dariya, manyan da suke zaune a gefe su gane wanda ake nufi, kuma a tashi babu wanda aka ci wa fuska. Gizo kuwa shi ne talakan da ba shi da ƙarfi ba shi da sarauta, wanda dabara kaɗai ta rage masa, shi ya sa yara suke goyon bayansa ko da ya yi abin da ba daidai ba.

Wannan hanyar tsohuwa ce wajen yi wa masu mulki nasiha. Littafin Kalila wa Dimna, wanda Ibnul Muƙaffa ya mayar da shi Larabci a ƙarni na 8 daga Farisanci, asalinsa kuma daga Indiya, labarin diloli biyu ne a fadar zaki, an shirya shi don sarki ya ji abin da bafade ba zai iya faɗa masa kai tsaye ba. La Fontaine, wanda yawancinmu muka haddace baitocinsa a lakwal, ya fitar da kundinsa na farko a 1668 a zamanin sarkin Faransa mai cikakken iko, ya sa hankaka da zaki da kyarkeci suka faɗi abin da ya gani a fada. Ke da kike Tawa kina da misalin da ya fi waɗannan kusa. Marigayi Moustapha Alassane, wanda ya zauna ya yi aiki a garinku shekaru da yawa kafin rasuwarsa a 2015, ya yi fim ɗin zane mai motsi mai suna Bon voyage Sim a 1966, shekara shida bayan samun ƴancin kai. Shugaban ƙasar kwaɗi ne ya tafi ziyarar aiki, aka tarbe shi da fareti da jawabai da duk wani kwarjini na sababbin shugabanninmu na wancan lokaci. Da da fuskar mutum ya zana shi, da kowa ya tsaya neman wanda ya yi kama da shi. Da ya zana kwaɗo, sai aka kalli halin kansa.

Akwai kuma sauƙin da sunan dabba yake kawowa. Idan kika ce "wani mutum ya fito", sai kin yi jimla biyar kafin yaro ya san ko wane iri ne. Idan kika ce "kura ta fito", yaron ya riga ya san akwai kwaɗayi da tsoro da wauta a hanya. Ga labarin shafi biyu na ƴan aji biyu, wannan ba ƙaramin amfani ba ne.

Abin da na fi daraja shi a cikin amfanin dabba shi ne ba ta da ƙabila. A ajinki akwai ɗan Ba'adare da ɗan Buzu da ɗan Bafulatani da ɗan ma'aikacin da aka turo daga Doso, kuma kowannensu yana iya ganin kansa a zomo ba tare da ya ji an taɓa gidansu ba. Wannan darajar tana lalacewa cikin sauƙi, kuma na taɓa lalata ta da hannuna. A wani wasan rediyo da na shirya, ɗan wasan da ya fito a kura ya ɗauki karin harshen wata al'umma ta ƙasarmu don ya ba yara dariya, ni kuma na bari aka watsa. Bayan kwana kaɗan wani uba ya zo ya same ni, ya ce tun ranar ƴan unguwa suke kiran ɗansa kura, yaron har ya daina fita wasa. Na ba shi haƙuri, muka sake ɗaukar shirin. Tun daga nan na gane hikimar da take cikin tsamin bakin Gizo: tsofaffi sun ba shi maganar da ba ta kowane gari ba ce, ta Gizo ce kaɗai.

Batun ƙarya

Ƙarya ita ce a faɗa wa mutum abin da ba haka yake ba don ya ɗauka haka yake. Gatana ba ta yin wannan, domin tana sanar da kanta a farko da ƙarshe. Mai bayarwa ya ce "ga ta nan, ga ta nanku", masu saurare su amsa "ta zo mu ji ta", kuma da wannan amsar an ƙulla yarjejeniya cewa an shiga wata duniya dabam. Idan an gama a ce "ƙurunƙus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya". An kuma keɓe mata dare, har ana tsoratar da yara cewa wanda ya yi gatana da rana zai ɓata a kasuwa. Duk waɗannan shinge ne da aka kafa tsakanin wasa da zance na gaske. Shawarata ita ce ki bar shingen a cikin rubutunki, ki buɗe kowane labarin dabbobi da mabuɗin gatana ki rufe shi da marufinta, ko da za a karanta shi da hantsi a cikin aji.

Wuri ɗaya nake so ki yi taka-tsantsan sosai. Alƙur'ani mai girma ya ba mu labarin tururuwar da ta gargaɗi ƴan uwanta su shiga gidajensu kada Annabi Sulaiman, alaihis salam, da rundunarsa su tattake su, a aya ta 18 ta Suratun Namli, da labarin alhudahudan da ya kawo masa labarin Saba'. Hadisi ya tabbatar da kukan kututturen dabinon da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yake jingina da shi kafin a yi masa mumbari. Waɗannan ga Musulmi gaskiya ne da suka faru, ba salon adabi ba ne, saboda haka kada a jera su da labarin Gizo a darasi ɗaya, kuma kada a buɗe su da "ga ta nan". Game da zana hotunan masu rai a littafin yara, malamai sun yi saɓani, kuma masu sauƙaƙawa suna kafa hujja da hadisin Nana A'isha da kayan wasanta, har da doki mai fukafukai. Ni ba mai ba da fatawa ba ne. Wannan gaɓar ki kai ta ga malamin da kika amince da iliminsa kafin ki ba mai zane aiki.

Inda abokin aikinki ya yi gaskiya

Yaro ɗan shekara bakwai ya san kura ba ta magana. Abin da bai sani ba shi ne kura ba ta da mugun hali, kuma nan ne illar take. Wata rana na kai yaran shirinmu gidan tarihi na ƙasa na Boubou Hama, inda ake ajiye namun daji. Da muka isa kejin kura, tana kwance a inuwa tana haki, sai wani yaro ya sunkuya ya ɗauki tsakuwa ya jefe ta, yana cewa "ɓarauniya, ina naman da kika sace?" Bai jefi zaki ba, ya tsaya a gabansa cikin ladabi. Hukuncin da ya yanke wa dabbobin nan biyu daga gatanarmu ya ɗauko shi, kuma wasu daga cikinsu daga bakina ya ji su.

Alhali kura mai dabbare-dabbare gwanar farauta ce, mafi yawan abincinta ita take kamawa, tana zaune cikin garke mai tsari wanda mata suke jagoranta, kuma sau da yawa zaki ne yake ƙwace mata abin da ta kama. Ƙoƙi da muka mayar matar Gizo mai haƙuri, a daji maharbiyar ƙwari ce, macen ma wani lokaci tana cinye namijin. Waɗannan kurakuran ba su da babbar illa ga ƙoƙi, amma suna da ita ga mujiya, wadda ake kashewa don an laƙaba mata mugun nufi alhali ɓeraye take rage wa rumbu, da kuma ungulu, wadda muka mayar alamar ƙazanta alhali ita take share mana mushe daga bayan gari. Tun 2015 aka sa ungulun da muka saba gani a mahauta cikin jerin tsuntsayen da suke gab da ƙarewa a duniya, kuma duk wanda ya girma a garuruwanmu ya ga yadda ta yi ƙaranci. Dabbar da aka saba zagi, ba a cika jin zafin ɓacewarta ba.

Illa ta biyu ta shafi darasin da kike son koyarwa. A 2017 wasu masu bincike a Jami'ar Toronto ta Kanada sun karanta wa yara ƴan shekara 4 zuwa 6 labari a kan rabawa da wasu. Wasu yaran an karanta musu shi da dabbobi masu halin mutane, wasu kuma labarin nan dai amma da hotunan mutane. Da aka gwada su daga baya, waɗanda suka ji labarin da mutane ne suka ƙara yawan abin da suke rabawa, waɗanda suka ji shi da dabbobi ba su ƙara ba. Nisan da dabba take samarwa, wanda yake kare mai labari daga cin fuska, shi ne kuma yake ba ƙaramin yaro damar cewa "wannan ai kura ce, ba ni ba". Binciken a kan yaran Kanada aka yi shi, da littafi, don haka ba zan ɗora shi kacokan a kan yaran Tawa ba. Kakarki ba ta taɓa barin gatana ta yi aiki ita kaɗai ba. Washegari idan wani ya miƙa hannu a ƙwaryar ƙanensa, za ta ce masa "ka zama kurar jiya", kuma wannan jimlar ce take haɗa labarin da yaron. Littafi ba ya yin wannan, sai malamar da take riƙe da shi.

Yadda zan tsara labaran da ni ne ke

Darussanki biyu ba iri ɗaya ba ne, kuma ba zan ba su magani ɗaya ba. Riƙon amana hali ne, kuma maganarsa tana taɓa mutunci, domin a ajin akwai yaron da ya taɓa cin canjin aike kuma kowa ya sani. Nan ki bar wa kura da dila filin, sannan bayan an rufe labarin ki yi tambaya biyu: me kura ta yi wanda mutum ma yake yi, kuma me kurar gaske take yi wanda ba a faɗa a labarin ba? Tambaya ta farko tana kai darasin gida, ta biyu tana biyan kura haƙƙinta, kuma ita ce amsar abokin aikinki. Ki kuma bar kura ta yi gaskiya ko sau ɗaya a cikin labarai goma. Akwai gatanar da aka zalunci kura a cikinta, kuma karin magana ya san da haka da ya ce kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ƙa'idar da nake bi wajen ba dabba hali ita ce halin ya tsiro daga jikinta ko ɗabi'arta ta gaske. Kunkuru yana da nawa kuma yana ɗauke da mafakarsa, hawainiya tana taku a hankali tana sauya launi, bushiya tana dunƙulewa idan an taɓa ta, jemage yana da fukafukai kuma yana shayarwa, shi ya sa ya dace da labarin wanda kowane ɓangare ya ƙi karɓa. Idan za a iya cire dabbar a sa wata a wurinta labarin bai sauya ba, to ba a yi amfani da ita ba, riga kawai aka sa wa mutum. Ki kuma tsaya ga dabbobin da yaranki suke gani ko suke jin sunansu, jaki da raƙumi da zabo da yanyawa da ɓera, domin dabbar da ake gani a fina-finan waje ba ta ɗauke da komai a kunnen ɗan Adar.

Tsabta kuwa aiki ne na hannu, ana so yaro ya kwaikwaya daidai, don haka jarumar labarin ta zama yarinya mai suna irin na ajinki, mai hannu da farce kamar nasu. Tulunki yana iya zama yana magana, kuma ina son sa, da sharaɗin kukansa ya zama na tulu: an bar bakinsa buɗe ƙuda sun shiga, an ajiye moɗa a ƙasa an sake tsoma ta a cikinsa, an kwana uku ba a wanke cikinsa ba har ya yi santsi. Kowane ƙorafi a nan umarni ne da yaro zai iya aikatawa da yamma a gidansu. Abin da zan hana ki shi ne ba ƙwayoyin cuta fuska. Na taɓa yin haka a wani shirin ruwan sha, muka mayar da su ƴan dodanni masu haƙora da jajayen idanu, muka kuma buga zanen a takarda aka raba wa makarantu. Da na je wani aji na ɗaga kofin ruwan da aka ɗebo daga gulbi ya kwanta ya yi garau, na tambaya ko za a sha, sai yara da yawa suka leƙa suka ce a sha, babu dodo a ciki. Gaskiyar da ake so su riƙe ita ce abin da yake sa zawo ido ba ya ganinsa, zanenmu kuma ya koya musu akasin haka. A labarinki, tulun ya faɗa wa yarinyar da bakinsa cewa shi kansa ba ya ganin abin da ya shiga cikinsa, shi ya sa yake roƙon ta rufe shi da faifai ta rataye moɗar a ƙusa.